Darasi na Bakwai: Minsharin da Ba na Barci Ba

A ce da daddare ne a Rigasa. Ɗanka ya shigo yana tangaɗi, ya zube a zaure, jim kaɗan ka ji yana minshari. Da yawanmu cewa za mu yi, "Ku ƙyale shi, in ya yi barci zai wartsake." In ƙwaya ce ta yi masa yawa, sau da yawa a nan ake rasa rai.

Tramadol da kodin dangi ɗaya ne. Suna danne sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da numfashi. In suka yi yawa a jiki, numfashi ya dinga ja baya har ya tsaya cak. Abin ya fi muni in an haɗa su da giya ko ƙwayar sa barci irin rochi. Tramadol kuma yakan kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma kowa ya san kwalaben ba su ɓace daga lunguna ba.

Ta yaya za ka gane cewa ƙwaya ce ta yi masa yawa, ba barci yake ba? Kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza kafaɗarsa. Mai barci zai motsa, wannan kuwa shiru. Ɗaga fatar idonsa: baƙin tsakiyar ido ya tsuke kamar bakin allura. Leɓɓansa da faratansa sun yi toka-toka. Numfashinsa jefi-jefi, da gurnani a maƙogwaro.

Kada a ɗura masa madara ko manja. Mun san al'ada ce, kuma da kyakkyawar niyya ake yi, amma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin sai ya zarce huhu. Kada a sheƙa masa ruwa, kada a doke shi. A kwantar da shi ta gefe, a lanƙwasa gwiwar sama, a ɗan ɗaga haɓarsa, don in ya yi amai kada ya shaƙe. Wani ya zauna da shi, wani ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya tare Keke zuwa asibiti mafi kusa. A tafi da kwalbar ko takardar ƙwayar da aka gani.

A asibiti kada kunya ta sa a ce wa likita "aljanu ne" ko "zazzaɓi ne". A faɗi abin da ya sha. Akwai magani mai suna naloxone da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi cikin 'yan mintoci. Sai dai aikinsa yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana nan a jini. Don haka ko ya buɗe ido ya ce, "Baba, mu tafi gida," a dakata sai likita ya sallame shi.

Ga wani abu da iyaye ba su cika sani ba. Wanda ya fito daga gidan yari ko wurin jinyar masu shaye-shaye jikinsa ya manta da ƙwaya. In ya koma ya sha adadin da ya saba a da, zai iya kashe shi. Makonnin farko bayan fitowa su ne na sa ido.

Ma'aikatan lafiya na kiran irin wannan aiki "rage illa". Wasu na ganin kamar ɗaure wa shaye-shaye gindi ne. Ni ban ga haka ba, domin sai mutum yana da rai ake kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a raba shi da ƙwaya.

Aikin aji: ku tashi biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya kwanta a tabarma, ɗaya ya juya shi ta gefe yadda aka bayyana, sannan ku canza. Bayan haka kowa ya rubuta 112 a bangon littafinsa, da sunan asibitin da ya fi kusa da gidansa.