Darasi na 9: In ɗan ƙungiyarmu ya kamu da ciwon dajin da ba ya jin magani

Wannan darasi na 'yan ƙungiya ne ko wace iri ce, masu kiwon tantabara, 'yan dara na gindin bishiya, tsofaffin 'yan ƙwallo masu haɗuwa ran Lahadi da safe, ko matan da ke zaman saƙa da ɗinki. Zan fi kawo misali da masu tantabara, kowa sai ya juya maganar ta dace da tasa ƙungiyar. Malamin aji ya karanta a hankali, ɗalibai su bi da yatsa, a riƙa tsayawa ana tattaunawa.

Abin da likita yake nufi

Ciwon daji, ko sankara, ko kansa, duk abu ɗaya ne. Da yawa suna warkewa in an gano shi da wuri. Amma in ya riga ya bazu zuwa hanta ko huhu ko ƙashi, sau da yawa likita zai ce magani ba zai iya kawar da shi ba, sai dai a rage masa gudu a kuma rage zafi. Wannan ba yana nufin gobe mutum zai mutu ba, wani ya yi watanni wani ya wuce shekara, likita kimantawa kawai yake yi, ranar kuma Allah kaɗai ya san ta. Kuma ba ya nufin an sallame shi daga asibiti, akwai aikin da ya rage mai yawa, shi ne kula da shi ya samu sauƙin jiki da kwanciyar rai.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya sun nuna a shekarar 2022 mutum kusan 128,000 ne suka kamu a Najeriya, kusan 80,000 suka rasu, kuma babban abin da ke jawo haka shi ne yawancin mutane sai ciwo ya ci jiki suke isa asibiti. Toh amma don Allah kar wani ya je gaban mara lafiya yana cewa ai da ka je da wuri. Ya sani, ya fi ka sani, da shi yake kwana.

Abu na biyu da nake so kowa ya riƙe: ciwon daji ba a ɗaukarsa. Ka gaisa da shi hannu da hannu, ku ci tuwo kwano ɗaya, ka zauna kan tabarmarsa. Sai dai in na hanta ne, ya kamata iyalinsa su tambayi likita ko cutar hanta mai lamba B ce ta jawo shi, don ita tana bi ta jini da kwanciyar aure da haihuwa, in ita ce sai a gwada matarsa da 'ya'yansa, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. Ita ma ba ta bi ta cin abinci tare.

Kame baki

Labarin ciwon mutum nasa ne. In ya gaya wa ciyaman ko babban amininsa a ƙungiya, to a tambaye shi, Malam wa da wa kake so su sani? Kar a ɗauki hotonsa a kwance a rame a watsa a WhatsApp ana neman taimako ba da izininsa ba, wallahi wannan yana karya zuciyar mutum mai mutunci, kuma 'ya'yansa suna da waya suna gani.

A wajenmu sau da yawa likita yakan gaya wa wa ko ƙane ko babban ɗa, shi mai ciwon a ɓoye masa. Kai ɗan ƙungiya ba kai ne za ka fasa wannan magana ba. Amma ni a ganina in ya dube ka ya ce wane, gaya min gaskiya me likita ya ce, kar ka rantse masa cewa ba komai ba ne. Ka ce Yaya mu koma wajen likitan tare ka tambaye shi da bakinka, sannan ka samu manyan gidan ka nuna musu cewa mutumin nan yana son ya sani, kuma yana da bashi da wasiyya da neman gafarar da shi kaɗai zai iya yi da kansa.

Dubiya

Satin farko gida cika yake yi, kowa ya zo da lemo da ayaba, zaure ba masaka tsinke. Wata biyu in ka koma sai ka tarar daga shi sai matarsa sai rediyo. Wannan shi ne abin da ƙungiya za ta iya gyarawa wanda mutum ɗaya ba zai iya ba. Sakatare ya samu littafi ya raba kwanaki, mutum biyu Litinin, biyu Laraba, biyu Juma'a bayan an sauko, a haka a haka, wanda uzuri ya kama ya nemi wanda zai maye shi. Zumunta a ƙafa take.

In kun je ku yi sallama ku jira, don wataƙila ana gyara shi ne. Minti 15 ko 20 ya isa sai in shi ya riƙe ku. Wanda ke mura ko tari ya haƙura sai ya warke, musamman in ana yi masa kemo, wato maganin daji mai ƙarfi da ake sa wa ta jijiya ko a sha, don kemo yana rage ƙarfin garkuwar jiki, ƙaramin zazzaɓi ma a wajensa abin gaggawa ne, a kai shi asibiti a ranar. Ku ce ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne, ku yi masa addu'a. In Kirista ne ku tambaye shi ko yana so a kira masa fasto. Banda labarin wane da ya yi irin ciwon nan sati uku ya tafi. Banda kai, ka rame fa.

Daga nan sai ku yi masa hirar da kuka saba.

Nan ne mutane suka fi kuskure, shi ya sa zan daɗe a kai. Mutumin nan shekara da shekaru kun san shi ne da musun tsuntsu, shi ne mai cewa wannan macen ba za ta yi kwanci mai kyau ba, shi ake kira in za a sayi sabon jini, to rana ɗaya kowa ya koma yi masa magana ƙasa-ƙasa da fuskar ta'aziyya, ba mai musu da shi, duk abin da ya ce sai a ce haka ne Malam. Yana lura fa. Abin da yake ji shi ne an riga an cire shi daga cikin mutane tun yana numfashi. Ku ba shi labarin kasuwar tsuntsaye ta wannan satin, nawa aka sayar da me, wa aka cuta, ku nuna masa bidiyon sababbin 'yan shila a waya ku ce ya kake gani, in ya faɗi abin da ba ku yarda ba ku yi masa musu kamar da. In yana da muƙami a ƙungiya kar a sauke shi, a naɗa masa mataimaki ya riƙa kai masa rahoto. In jikinsa ya yarda a ɗauko shi a adaidaita ya zo majalisa ko na rabin awa ne, in bai yarda ba wata rana majalisar ta koma ƙofar gidansa, da izinin mutan gida.

Wata rana kuma ba zai so hirar tantabara ba, zai so ya yi maganar tsoron da yake ji ko yadda yara za su kasance. Kar ka katse shi da haba Malam daina wannan magana. Yi shiru ka saurara, in hawaye ya zo maka ba laifi.

Tsuntsayensa

Mai kiwo ko yana gadon asibiti hankalinsa na kan wa ya ba su gero, wa ya sauya ruwa, an rufe ɗaki da magariba ko mage ta shiga. A sa mutum ɗaya tsayayye ya riƙe wannan, ba yau wane gobe wane ba. Shara da kwashe kashi kuwa ya fita daga hannunsa gaba ɗaya, don busasshen kashin tantabara da ƙurarsa suna ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kama huhu, mai lafiya yakan tsallake amma wanda garkuwarsa ta yi rauni suna iya kayar da shi. Ya zauna nesa kaɗan a iska ya kalle su, wanda ya yi sharar ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shi.

Kar a sayar da ko ɗaya ba da saninsa ba. In buƙata ta sa sai an sayar, shi zai zaɓa, kuma 'yan ƙungiya su saya da daraja, ba lokacin neman araha ba ne. Ku tambaye shi cikin hikima wa yake so ya riƙe kiwon nan gaba, a rubuta, domin bayan rai tsuntsayen dukiyar magada ne, ba na abokai ba.

Kuɗi

Karo-karo na wata-wata ya fi tara kuɗi mai yawa sau ɗaya a yi shiru. Ma'aji ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ajiye rasit, a karanta a gaban kowa. Ba magani kaɗai ke cin kuɗi ba, akwai mota, abincin mai jinya, gwajin jini, famfas na manya, kuɗin makarantar yara. Na'urar gashi, wato wadda ake gasa ciwon daji da haskenta mai ƙarfi, ba kowane asibiti ke da ita ba, a Arewa akan tura mutane Shika a Zariya, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko babban asibitin ƙasa na Abuja, kuma gashin yana iya rage zafin ƙashi ko tsayar da zubar jini ko da ba warkewa ake nema ba. Kafin a ɗauki hanya a buga waya a tabbatar na'urar tana aiki. Akwai kuma asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a 2021, na dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, Shika da Gombe da Abuja suna cikin asibitocin da aka fara da su. Mai ilimi a cikinku ya raka iyalin ofishin walwalar marasa lafiya ya tambaya.

Za a yi ta kawo musu labarin mai magani kaza da ke warkar da daji cikin kwana bakwai in an biya kaza. Mutum in yana cikin wannan hali komai aka ce zai gwada, kar ku yi masa dariya. Addu'a da tofi da zamzam ba mai hana shi. Amma duk abin da za a sha a nuna wa likita, don wasu jiƙe-jiƙen suna ƙara lalata hanta da ƙoda, kuma in kun ga ana shirin sayar da gida ko gona saboda alƙawarin wani mai lasifika, to ku yi magana, marayu za su buƙaci wurin zama.

Zafi yana da magani

Kar a bar shi yana murƙususu ana ce masa yi haƙuri kawai. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin zafin daji hawa-hawa, daga mai sauƙi irin farasitamol har zuwa mofin. Akwai mofin na ruwa da ake sha ta baki, a manyan asibitoci ake samunsa da takardar likita, yawanci duk awa 4 ake ba da shi bisa agogo, ba a jira sai zafi ya taso. Wasu suna tsoron wai zai zama ɗan ƙwaya ko zai gaggauta ajali, in dai bisa ƙa'idar likita ake sha ba haka ba ne. Yana busar da ciki, don haka a nemi maganin sassauta bayan gida tare da shi, a kulle kwalbar inda yara da samari ba za su kai ba. Banda sayen tiramol a kan tebur a ƙara masa.

In ya kai ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk awa 2 don kar gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da diddige. Wannan aikin ƙarfi ne, mace ɗaya ba za ta iya dare da rana ba, a nan maza biyu daga ƙungiya su riƙa karɓar kwana in iyali sun amince, matanku kuma su riƙa leƙa uwargida da girki da wanki, ita ma a tambaye ta ya jikinki, kin runtsa kuwa. In cin abinci ya ragu kar a yi masa ɗura, kunu ko koko cokali biyu-uku, a jiƙa masa leɓe da ruwa. Salla yana iya yi a zaune ko a kwance, ya yi taimama in ruwa na cutar da shi, maganar azumi da ciyarwa a tambayi malami.

Bashi kuma, in ƙungiya ko wani a cikinku na binsa kuma zai iya yafewa, ya je ya gaya masa tun yana ji. Ku taimaka a rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa a gaban shaidu biyu. Wasiyya a Musulunci ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya. Ku kuma yanke tun yanzu, a rubuce, wata nawa karo-karon zai ci gaba bayan rasuwa, ni dai shawarata kar ya gaza tsawon takaba, wata 4 da kwana 10.

Aikin aji

Kowa ya ja layi bakwai a littafinsa ya rubuta ranakun mako daga Asabar zuwa Juma'a, a gaban kowace rana ya sa sunan mutum biyu da aikin da za su yi, dubiya ko rakiyar asibiti ko kula da kiwo. Sai lissafi: ƙungiya mai mutum 24, kowa yana ba da naira 1,500 a wata, nawa ake tarawa? In an cire 14,000 kuɗin mota zuwa asibiti da dawowa da 9,500 na magani, nawa ya rage a hannun ma'aji? Wanda ya gama ya haɗu da na kusa da shi, ɗaya ya zama mara lafiya ɗaya mai dubiya, su gwada hirar minti biyar, sauran aji su faɗi kalmar da ta yi daɗi da wadda ya kamata a bari. A zo da littafin mako mai zuwa malami zai duba.