Yadda ake nuka fiyar Turai da adana ta a zafin Garwa da Marwa

Fiya iri biyu ce ke hawa teburin mai kayan marmari daga Ngawundare zuwa Garwa, Marwa da Kusiri a arewacin Kamaru, har Njamena ta Chadi. Akwai tamu ta gida mai ƙwallo ɗaya da maiƙo, wadda ake lodi daga Mbuda da gonakin Adamawa. Akwai kuma mai siririn wuya da faffaɗan gindi, 'yar uwar tuffa, wadda masu Faransanci ke kira puwar. Ita muke nufi da fiyar Turai a nan, ko da yake da yawa daga wadda ke shigowa Afirka ta Kudu ce ke nomanta, a yankunan Seres da Elgin masu sanyi kusa da birnin Kef.

Ba ta yi a ƙasarmu, kuma ba rashin taki ko ruwa ba ne. Bishiyar tana zubar da ganye ta yi barci da hunturu, kuma yawancin irinta sai sun samu sa'o'i 600 zuwa sama da 1,000 na sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin su farka su yi fure yadda ya kamata. Ko darare mafi sanyi na tudun Ngawundare ba su tara wannan. Saboda haka duk wadda ta zo hannunka ta sha tafiya: jirgin ruwa zuwa Duwala, sannan mota ko jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, sannan gangaren dutse zuwa kwarin Binuwai, inda a watan Maris da Afrilu zafi ke haura digiri 40. A wannan zangon na ƙarshe ake yawan yin asara.

Abin da ke faruwa a cikinta

Ƙosawa daban, nuna daban. Manomi yana cire fiyar Turai ne bayan ta ƙosa amma tana da tauri, domin idan aka bar ta ta nuna a bishiya cikinta yakan yi baƙi ya ruɓe tun bayanta na da kyau, namanta kuma ya yi gari-gari. Bayan an cire ta ba ta mutu ba. Tana numfashi ta 'yan ɗige-ɗigen nan da ake gani a fatarta, tana shaƙar iska tana ƙona sukarinta tana fitar da zafi da ruwa. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu zuwa uku. Shi ya sa kwalin da zai yi watanni a digiri 0 ba ya cika mako a rumfar kasuwa.

Abin da ke tada nunar shi ne wata iska marar launi da ake kira etilin, wadda 'ya'yan itacen ke fitarwa da kansu. Da ta fara fita sai ta jawo ƙarin fitar wata, kamar wutar daji. Ita ce ke sa danƙon da ke riƙe ƙwayoyin naman ya narke, ragowar sitaci ya koma sukari, ƙamshi ya tashi, koren fata ya janye. Sanyi yana iya rage gudun wannan aiki amma ba ya mayar da shi baya. Wannan ita ce maganar da ta fi muhimmanci ga ɗan kasuwa: fiyar da ta riga ta kama nuna ba ta komawa ajiya, hanyarta ɗaya, wurin mai saye.

Wani abin mamaki shi ne sai ta sha sanyi sannan take iya nuna da kyau. Irin da ake kira Williams mako ɗaya ko biyu ya ishe ta. Packham's tana buƙatar makonni. Forelle, mai jan kumatu da ɗige-ɗige, a Afirka ta Kudu akan tsare ta mako 12 a kusan rabin digiri ƙasa da sifili, in ba haka ba ta fito gari-gari da bauri. An gama wannan aikin tun kafin ta iso gare ka, ba sai ka sake ba. Ɗan yashi-yashin da ake ji a haƙori kusa da tsakiya ko ƙarƙashin fata kuwa ba ƙasa ba ce, wasu ƙwayoyi ne masu taurin bango da aka halicce ta da su.

Ranar sari

Karanta kwalin kafin ka taya. Na Afirka ta Kudu yawanci kilo 12.5 ne, da leda a ciki, an rubuta sunan irin da yawan 'ya'yan da ke ciki. Sunan irin shi ke gaya maka kwana nawa gare ka. Williams ba ta da haƙuri, wata 2 zuwa 3 take yi ko a ɗakin sanyi mai kyau, kuma ita ce ke komawa rawaya sarai idan ta nuna. Packham's mai ƙusoshin jiki ta fi juriya nesa ba kusa ba, launinta kuma ɗan kaɗan yake sauyawa, don haka kada ka jira ta yi rawaya. Afirka ta Kudu tana girbi daga Janairu zuwa wajen Afrilu, Turai kuma daga Agusta zuwa Oktoba. Idan ka ga ta Afirka ta Kudu a watan Nuwamba, ka san ta daɗe a ajiye, da ta ji ɗumi za ta saki da wuri. Irin wannan sai a sari kaɗan.

Buɗe kwali biyu ko uku, har da na ƙasan tari, ka sa hannu tsakiya. In ka ji sanyi, alhamdulillahi. In ka ji ɗumi da ƙamshi mai ƙarfi da gumi ya kwanta a ledar, nuna ta yi nisa. Duba wuya: nan ne take fara yanƙwanewa idan ta yi asarar ruwa, kuma asarar kashi 4 ko 5 cikin 100 na nauyinta ta isa ido ya gani. Daga nan ka nemi a yanka guda ɗaya ta tsakiya, a kwance. Za ka ga ɗakuna biyar na iri kamar tauraro, kewaye da farin nama. In kewayen ya yi ruwan ƙasa, ya jiƙe, ko akwai 'yan ramuka busassu, to ko ta tsufa ko iskar kabon da take fitarwa wajen numfashi ta taru mata a hanya ta shaƙe ta. Daga waje ba a ganin wannan ko kaɗan. Kuɗin guda ɗaya da ka yanka ya fi sauƙi a kan kwali goma da za a dawo maka da su.

Lodi da dare ko da asuba, a ajiye kwali a kwance yadda aka ƙera shi, ramukan gefensa a buɗe. Kada a ɗora buhun albasa ko na dankali a kai, kada kuma a juye ta cikin kwando ko buhu. Fatarta ba ta son goga: inda ta ƙuje da 'yar uwarta ko da katako, bayan awanni sai wurin ya yi baƙi-baƙi, kuma ta fi saurin yin haka idan ta fara laushi.

Raba kaya gida biyu

Da isowa, ware wadda za ka sayar cikin mako, sauran su shiga sanyi a ranar. A ɗakin sanyi na gaske ana riƙe ta tsakanin digiri 1 ƙasa da sifili da 0, da danshin iska kashi 90 zuwa 95. Firjin gida ba ya kai nan, amma in ya tsaya a digiri 1 zuwa 3 zai riƙe maka mai tauri mako biyu zuwa uku. Bar ta cikin ledarta, a naɗe bakin ba a ɗaure ba, ko a huda 'yan ramuka, don ruwa kada ya tsere kuma iskar kabon ta samu mafita. Firjin da ya gaji yake yawo tsakanin 7 da 10 yana cutar da Williams, domin ba ta tsaya ba kuma ba ta nuna daidai ba, sai ta ƙare a bushe babu ruwa.

Masu amfani da firiza suna kunnawa suna kashewa su yi hattara. Fiyar Turai tana daskarewa tun daga wajen digiri 2 ƙasa da sifili, kuma wadda ta jingina da bangon firiza ita ke fara kamuwa: namanta ya koma kamar gilashi, in ya narke ya zama ruwa. A sa katako ko kwali tsakaninta da bango da ƙasa. Sayi ma'aunin zafi ka tsoma shi cikin ƙaramar kwalbar ruwa a tsakiyar kayan, shi zai nuna maka abin da 'ya'yan ke ji, wanda ya bambanta da na iskar da ke shiga duk sanda aka ɗaga murfi. In wuta ta ɗauke, kada a buɗe, kuma gorunan ƙanƙara a gefe suna taimakawa muddin ba su taɓa fiyar ba. In ta kwana da ɗumi, a fitar da ita kasuwa kawai.

Nukawa

Nuna mai daɗi tana son digiri 18 zuwa 21, kwana 4 zuwa 7. Da zafi ya doshi 30 aikin yakan rikice: fata ta yi rawaya ciki ya ƙi laushi, ko ya yi laushi babu ƙamshi, ko ya ruɓe kafin ya yi zaƙi. A Ngawundare ɗakin ƙasa mai inuwa ya wadatar kusan duk shekara. A Garwa, Marwa da Njamena kuwa hakan sai da hunturu. Da bazara sai an yi dabara.

Dabarar da ta fi araha ita ce tukunya cikin tukunya, wadda Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Nemi randa biyu na ƙasa marasa fenti, babba da ƙarama, a toshe duk wata huda ta gindi. Zuba yashi a gindin babbar har bakin ƙaramar ya yi daidai da nata, sannan a cika tsakaninsu da yashi mai tsabta, kaurin santimita 3 zuwa 5. Jiƙa yashin sosai, a ƙara ruwa safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, kan duwatsu uku don ƙasanta ma ya sha iska. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi, kuma a busasshiyar iskar bazara cikin tukunyar kan yi ƙasa da na waje da kusan digiri 10 da tsakar rana. Wurin nukawa ne da jinkirta lalacewa na 'yan kwanaki, ba ya maye gurbin firji. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, amfaninsa kaɗan ne.

Fiyar da ta fito daga sanyi za ta yi gumi. Shanya ta a inuwa ta bushe tukuna, sannan a jera ta sahu biyu kacal, takarda a tsakani, domin ruwa a fata shi ne abokin funfuna. Ana so a buɗe murfi sau ɗaya a rana iska ta sauya. Mai gaggawa ya sa nunanniyar ayaba ɗaya cikin kowace fiya biyar ko shida, etilin ɗin ayabar zai rage kwana ɗaya ko biyu. Kabayid da wasu ke nuka ayaba da mangwaro da shi bai kamata ya kusanci abin da za a ci ba, yana ɗauke da dattin arsanik da fosfaras, fiyar ma ba ta buƙatarsa. In kuma kwana goma suka wuce tana nan kore garas, mai yiwuwa an sa mata maganin da ke toshe aikin etilin tun a ɗakin ajiya, wanda ake kira SmartFresh. Ba ta lalace ba, a sayar da ita ga mai son mai ƙaras-ƙaras.

Tunda daga ciki take nuna zuwa waje, gindi ba wurin gwaji ba ne. Ɗora babban yatsa a wuya, dab da tsinken, ka danna a hankali kamar mai taɓa goshin jariri. In ya ɗan lotsa, yau ce ranarta. In har ciki ya yi laushi ana ji daga waje, tsakiya ta riga ta yi lugub. Kyakkyawa in aka yanka ruwa na bin wuƙa, naman yana narkewa a baki. A wannan matsayi kwana ɗaya ko biyu take yi a tebur, uku zuwa biyar a firji. Fito da kaɗan-kaɗan ƙarƙashin laima, sauran su jira a tukunya, kuma ka nuna wa mai saye wurin dannawa, in ba haka ba kowane hannu zai bar mata tabo a ciki.

Ruɓa iri biyu ce ta fi yawa. Mai launin toka tana yaɗuwa daga ɗaya zuwa maƙwabtanta har ta yi sheƙa a kwali, don haka a riƙa tsincewa kullum. Mai shuɗi-kore, da ruɓa mai ruwa da warin ƙasa, tana shiga ta rauni, sau da yawa inda tsinken wata ya soke ta, kuma tana fitar da dafin da ake kira fatulin wanda tafasawa ba ta kashe shi. Wannan a zubar gaba ɗaya, kada a yanke gefe a markaɗa sauran a yi lemo. Wadda ta ƙuje kawai ba ta ruɓe ba lafiyarta ƙalau, a fere a sayar a yanke, a ɗiga ruwan lemon tsami don kada ta yi duhu. Ga yara ƙanana rabi ya isa, tana da wani nau'in sukari mai sakin ciki.

Fiyarmu ta gida ta yi tarayya da ta Turai a abu biyu: ita ma sai an cire ta daga bishiya ake nuka ta, kuma zafin da ya haura 30 yana ɓata mata nuna. Wurin sanyi ne suka rabu. Ɗanyar fiya mai maiƙo 'yar ƙasar zafi ce, wasu irin masu santsin koriyar fata suna son digiri 10 zuwa 13, kuma sanyin da ta Turai ke jin daɗi yana sa naman wannan ya yi toka-toka da baƙaƙen jijiyoyi, ta ƙi nuna har ta ruɓe. Sai ta yi laushi sannan za ta iya shiga firji na kwana biyu ko uku. Tukunyar nan kuwa tana karɓar kowacce, amma kowa da randarta, don etilin ɗin wadda ta riga nuna kada ya ja ɗayar.