Yadda za ka gane ka ƙoshi kafin ciki ya yi maka nauyi

Ƙoshi ba ya isowa tare da lomar da ta kawo shi. Idan abinci ya sauka, bangon tumbi yakan miƙe, jijiyoyi su kai saƙo ƙwaƙwalwa, hanji kuma ya saki sinadaran da ke kwantar da yunwa. Kafin duk wannan ya kammala akan ɗauki kimanin minti 20. Wanda ya share malmala uku cikin minti bakwai ya riga saƙon isowa, sai ya miƙe tsaye ne zai ji abin da ya yi wa kansa.

A nan Kebbi saurin yana da dalili. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ba a tsayawa tauna shi, yauƙi ne ke wucewa da loma. Ga kuma cin abinci a kwano ɗaya, inda tun yarinta hannu ya koyi cewa mai jinkiri shi ke tashi da yunwa. Saboda haka aikin farko shi ne ja wa cin lokaci.

Ka fara da abin da dole sai an tauna: kwaɗon zogale ko na rama, kifi mai ƙaya, wake. Ganye da nama ko kifi sun fi tuwo zalla daɗewa a ciki. Sannan ka gutsuri loma ƙarama, wadda yatsu uku za su ɗauka, kada ka kai hannu kwano sai ta baya ta wuce. In kwanon na tarayya ne, ka yanke rabonka a gabanka tun farko, misali malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka, ka tsaya a kansa. Idan ka ci rabi, ka dakata minti biyu ko uku, ka kurɓi ruwa, ka saurari cikinka.

Alamomin suna zuwa ne bi da bi. Da farko ƙugin ciki da rawar jiki su lafa. Daga nan daɗin miyar ya ragu: loma ta goma sha biyar ba ta kai ta farko armashi ba, alhali miyar ba ta canja ba. Wannan ita ce alamar da aka fi rainawa, kuma a ganinmu ita ce ta fi amfani. Sai hannu ya fara nauyi, hankali ya koma kan hira, ka ji ka yi dogon numfashi ko 'yar gyatsa. A nan ake tsame hannu. In har ta kai ka sassauta tazuge ko ka jingina da bango, ka wuce wurin tsayawa. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki kashi uku: abinci, abin sha, numfashi. Ma'aunin a aikace shi ne ka iya tashi ka yi ruku'u da sujada ba tare da nishi ba.

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne abin sha mai zaƙi. Lemon kwalba na 50cl yana iya ɗauke da sukari sama da cokalin shayi goma, amma ba ya ƙosarwa kamar abincin da aka tauna. Fura da nono kuwa abinci ce cikakkiya, kada a ɗora ta kan tuwo da sunan wanke baki. Wuni da yunwa ma tarko ne, shi ya sa a buɗa-baki ya fi kyau ka ci dabino, ka sha ruwa da ɗan kunu, ka yi sallar Magariba, sannan ka dawo kan abinci. Ƙarancin barci yana ƙara sinadarin yunwa, kallon waya kuma yana ɗauke hankali daga ciki.

In uwar gida ta matsa da "ƙara mana", ka ce: "Hajiya, alhamdu lillahi, na ƙoshi, Allah ya ƙara arziki." Bayan tuwon dare ka bar awa biyu zuwa uku kafin ka kwanta, don kwanciya da cikakken ciki ke tayar da ƙwannafi.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin kada ya rage abinci sosai sai da shawarar likitansa, domin sukarin na iya faɗuwa. Wanda kuma loma biyu ko uku ke cika masa ciki kullum, yana ramewa ko yana amai, ya je asibiti a duba shi.