Yadda Ake Cire Kwayil Ba Tare Da An Fasa Shi Ba In Za A Canja Fulogi

Motocin da suka cika titunanmu yanzu, irin su Corolla da Camry da Honda Accord na 2003 zuwa sama, ba su da dogayen wayoyin fulogi irin na Peugeot 504 ko Golf 3. Kowane fulogi da kwayil ɗinsa, wato abin da ke ba shi wuta, zaune a kansa, kuma sai ka ɗaga kwayil kafin ka kai ga fulogi. A nan masu koyo ke yin ɓarna. Fulogi ya fita lafiya, ya koma lafiya, amma an bar kwayil da tsaga ko soket, wato robar da ke haɗa waya da kwayil, da karyayyen kunne. Kwayil na asali kuwa ya fi fulogi tsada nesa ba kusa ba, duk wanda ya taɓa neman na Denso a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sani.

Ka tanadi racet da doguwar sandarta, da bokis sifana mai lamba 10 domin notin da ke riƙe kwayil a Toyota da Honda. Sai sifanar fulogi mai lamba 16, amma ka nemi mai roba ko maganaɗisu a ciki, don ita ce za ta ɗauko maka fulogi daga ƙasan rami. Corolla ta 2009 zuwa sama lamba 14 take ci, siririya. Ka ƙara da filaya mai dogon baki da sukudireba ƙarama sosai. Babbar sukudireba kuwa ka mayar da ita akwati, ba ta da aiki a nan.

Kada ka taɓa inji da zafi. Tof silinda na waɗannan motoci, wato kan injin da ake ɗaura fulogi a jikinsa, alminiyom ne, in ka kwance fulogi da zafi yana iya fitowa da zaren ramin. Ni dai dokata ita ce motar ta kwana, a yi aikin da safe. Bayan ka cire murfin robar inji, ka busa iska a kewayen kwayil, musamman da hunturu, domin duk ƙurar da ta taru a wurin cikin ramin za ta faɗa. In ba ka da injin iska, famfon keke ma ya isa.

Yanzu soket. Wannan robar ta shekara goma ko fiye tana gasuwa a kan inji, ta bushe ta zama kamar ƙanzo. Mai koyo sai ya danna kunnen da ƙarfi yana jan waya, sai ka ji ƙas. Abin da ake yi shi ne, ka fara tura soket ɗin ciki, wato wajen kwayil, don ƙugiyar ta saki nauyi. Kana riƙe da shi a haka ka danna kunnen, sannan ka ja jikin soket ɗin baya. Jikinsa za ka kama, ban da waya. In ya ƙi, ka sa bakin ƙaramar sukudireba ka ɗan ɗaga ƙugiyar kaɗan, iya yadda za ta tsallake tudun da ta kama. In ka tarar wani ya riga ya karya kunnen, igiyar roba mai zugewa za ta riƙe shi na ɗan lokaci, amma ka sayi sabon soket, ba shi da tsada.

Ka kwance noti mai lamba 10, ka ajiye shi inda ba zai gangara cikin inji ba. Daga nan kwayil ɗin babu abin da ke riƙe shi sai doguwar robar da ta rungumi farin tangaran na fulogi, kuma zafi yakan sa ta manne. Kada ka fizga. Ka dafe kansa da tafin hannu, ka murɗa dama da hagu kaɗan-kaɗan har ka ji ya saki, sannan ka ja sama sak. Murɗawar ce ke raba roba da tangaran, ja shi kaɗai yaga ta yake yi. Wanda ya zura sukudireba ta gefe ɗaya ya banƙara, ko dai ya tsaga kan kwayil, ko ya fasa murfin bawul in na roba ne. Tsagar ma sau da yawa ido ba ya ganinta. Sai damina ta zo danshi ya shiga, wuta ta riƙa tsallakewa, mota ta kama fizga, a dinga zargin fetur.

Motocin Volkswagen da Audi, kamar Golf 5 da Passat masu injin 2.0 TFSI, nasu daban ne. Babu noti, cusa kwayil kawai aka yi, kuma yana kamawa ƙam. Akwai ƙarfen da aka yi musamman dominsa, lambarsa T40039, mai baki biyu da ke shiga ƙarƙashin kan kwayil da mariƙi a sama. Wanda ke taɓa irin waɗannan motoci kullum ya saye shi. Wanda sau ɗaya zai yi, ya zagaya igiya mai ƙarfi a ƙarƙashin kan kwayil ta yadda za ta ɗauke shi ta gefe biyu, ya ja sama daidai. A waɗannan injina sai ka ɗan ɗaga kwayil ɗin kafin soket ya samu hanyar fita.

In robar ta tsinke ta zauna a rami, kada ka sa sifanar fulogi a kanta, za ka ƙara cusa ta. Filaya mai dogon baki ko waya mai lanƙwasasshen baki za ta ciro ta. Ka tabbata ƙaramin sifirin ɗin da ke cikinta ya fito shi ma.

Ka jera kwayil yadda ka ciro su, na ɗaya zuwa na huɗu, don in matsala ta taso ka san wanne ya fito daga ina. Ka duba robar kowanne. Baƙin layi siriri a jikinta alamar wuta na bin wurin ne, a canja ta. In ka ga baƙin mai a ramin, gasket ɗin murfin bawul ne ke yoyo, kuma sabon fulogi ba zai magance shi ba.

Sabon fulogi da hannu ake fara ɗaura shi, sanda da sifana kawai ba racet. In ya zauna, fulogin da ke cin sifana mai lamba 16 ka ƙara masa kamar rabin zagaye da racet. Ka shafa ɗan girisin silikon a bakin robar kwayil don kada ta sake mannewa, ka tura shi har ya zauna. Notin lamba 10 kada ka matse shi da ƙarfi, yana karyewa. Ka mayar da soket har ka ji ƙararsa. In ka tayar da mota inji yana kakkarwa, soket za ka fara dubawa ɗaya bayan ɗaya, yawanci wani ne bai shiga ba.