Ga mai son ya rabu da bashin gida da wuri

'Yan uwa, masu biyan rancen sayen gida wata-wata, ku duba takardar biyanku da kyau. A shekarun farko, yawancin abin da kuke biya kuɗin ruwa ne ke cinyewa. A rancen shekara 30 mai ruwa kashi 6 cikin 100, sama da kashi 80 cikin 100 na biyan watan farko ruwa ne zalla, ɗan ragowar ne ke taɓa uwar kuɗin. Shi ya sa ƙarin da aka yi tun da wuri ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Ku raba biyan wata ɗaya gida 12, ku riƙa ɗora kaso ɗaya a kan na kowane wata. Shekara na zagayowa kun yi biya 13 ke nan. A irin wancan rancen, wannan kaɗai zai rage muku fiye da shekara biyar.

Ina kuɗin zai fito? Ranar da albashi ya shiga ku cire shi, kafin hannu ya fara kaiwa. Ku zauna da maigida ko uwargida, ku rubuta duk abin da ke fita tsawon wata guda. Ƙananan sayayyar da ba a lissafa su ne ke zurarar da kuɗi. In an ƙara albashi, kada a ƙara kashewa.

Amma don Allah kada ku kwashe ajiyar ko-ta-kwana, a bar na wata uku aƙalla. Bashin da ruwansa ya fi yawa shi za a fara kashewa. Ku kuma tambayi banki ko akwai tarar biya kafin wa'adi, sannan ku sa su rubuta cewa ƙarin a uwar kuɗi za a cire shi.