Yadda ake haɗa talabijin mai 4K a gida har hoton ya fito tangaran

Mutum zai tara kuɗi ya sayo talabijin mai inci 55, kwalinta ɗauke da rubutun 4K ɓaro-ɓaro, a kafe ta a bango, yara su taru, a kunna, sai hoton ya fito dishi-dishi kamar na tsohuwar da aka ajiye. Sau da yawa ba laifin talabijin ɗin ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sai tashar da ke aiko hoton, da hanyar da yake biyowa, da akwatin da ke karɓarsa, da wayar da ta haɗa su, duk sun iya ɗaukar 4K kafin idonka ya gan shi.

Hoton talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera. Wanda ake kira Full HD yana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, kimanin ɗigo miliyan 2. Shi kuwa 4K, ko UHD, 3840 ne a kwance da 2160 a tsaye, sama da miliyan 8, wato ninki huɗu. Nauyin bayanan da za a turo maka ma ƙaruwa yake yi, kuma a nan ne wahalar take.

Mataki na farko: gano inda hoton zai fito

Kafin ka taka kasuwa, ka zauna ka rubuta abubuwan da gidanka ke kallo. Na fi nauyaya wannan mataki a kan sauran, domin shi ne yake raba mutum da asara.

Ƙasashen da ke watsa 4K ta eriya ba su da yawa. Koriya ta Kudu ta fara a watan Mayun 2017. Tashar NHK ta Japan ta buɗe tashoshin 4K da 8K a ranar 1 ga Disamban 2018, amma ta tauraron ɗan'adam ne ba ta eriya ba. Faransa ta sa France 2 a kan UHD ta eriya a farkon 2024, gabanin gasar Olamfik ta Paris. Najeriya kuwa har yanzu tana kan aikin sauya tsohon tsarin watsa shirye-shirye zuwa na dijital, aikin da aka ƙaddamar a Jos a 2016. Saboda haka idan tashoshin gida kake kallo ta eriya, ba za su zo maka da 4K ba komai tsadar talabijin ɗinka. Abin da za ta yi shi ne ta shimfiɗa ƙaramin hoton ya cika fuskarta, ta cike giɓin da ƙiyasi. Masu kyau suna yin wannan aiki da ƙwarewa, masu araha kuma suna ƙara bayyana aibin hoton.

Ta tauraron ɗan'adam, kamfanin MultiChoice mai DStv ya nuna gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 cikin 4K ga masu dikodar Explora Ultra. Dikoda ta HD ba ta fitar da 4K, ko da kana biyan tsari mafi tsada. Ka tambayi kamfanin da kake biya ko yana da tashar 4K da ke aiki a yanzu, kafin ka sayi sabuwar dikoda.

Hanyar da ta fi buɗewa ga yawancinmu ita ce intanet. YouTube na da bidiyon 4K kyauta. Netflix ya fara nuna 4K tun 2014, amma sai mai biyan tsarin Premium. Akwai kuma filash: idan an zuba maka fim na 4K na gaske, talabijin za ta buɗe shi ba tare da data ba, muddin tana karanta tsarin matse bidiyo na HEVC.

Mataki na biyu: auna intanet ɗinka, ka lissafa data

Ka buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, a wayarka, kana tsaye daidai inda talabijin za ta zauna, a kan layin da za ta yi amfani da shi. Netflix na neman aƙalla megabit 15 a daƙiƙa, YouTube na ba da shawarar 20. Kada ka auna da sanyin safiya ka ce shi ke nan. Ka auna bayan sallar isha'i, lokacin da unguwa duka ta hau layi, ka maimaita kwana biyu ko uku. Idan da dare yana sauka ƙasa da 15, hoton zai riƙa tsayawa ko ya koma HD da kansa.

Sai batun data, wanda masu shago ba su cika ambata ba. Awa ɗaya ta 4K a Netflix tana iya cin gigabayit 7, alhali HD ba ta wuce 3. Fim na awa biyu ya lashe 14 ke nan. Gidan da ke kallon awa ɗaya kullum zai ƙona wajen 210 a wata, ban da wayoyin mutanen gida. Wannan lissafi ya kamata maigida da uwargida su yi shi tare, domin kuɗi ne da za a riƙa fitarwa duk wata. Tsarin da ake cewa ba shi da iyaka ma ka karanta sharuɗɗansa, don da yawa suna rage gudu idan ka kai wani adadi. Layin faiba shi ya fi dacewa inda ya iso. MTN ya fara 5G a 2022 a wasu birane ciki har da Kano, Starlink kuma ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, amma kowanne sai ka gwada shi a gidanka kafin ka dogara da shi.

Idan lissafin bai fita ba, talabijin Full HD mai inganci ta fi maka alheri, kuma babu abin kunya a ciki.

Mataki na uku: zaɓen talabijin

Ka nemi a nuna maka lambobin 3840 da 2160 a takardar bayanin talabijin, sannan ka ɗauki lambar samfurin da ke manne a bayanta ka bincika a shafin kamfanin. Akwai waɗanda aka rubuta musu cewa suna karɓar 4K, alhali fuskarsu ta 1080 ce ko ƙasa da haka: suna karɓar hoton su rage shi. Ka je da filash ɗinka ka sa a gwada a gabanka, kada ka tsaya ga bidiyon tallar da ke kunne a shagon.

Girma yana tafiya da faɗin ɗaki. Ido na ganin bambancin 4K ne idan ka zauna kusa, kimanin tsawon fuskar talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ga mai inci 55, mita ɗaya da rabi zuwa biyu ke nan. Wanda ya sayi inci 43 ya zauna mita huɗu nesa da ita, da ƙyar zai bambance ta da HD.

Ka duba kuma ko tana da HDR, fasahar da ke sa haske ya yi haske, duhu ya yi duhu ba tare da abin da ke cikinsa ya ɓace ba. A ganina wannan ya fi yawan ɗigo tasiri a ido. HDR10 shi ne gama-gari, HLG kuma, wanda BBC da NHK suka ƙirƙiro, shi ake amfani da shi a shirye-shiryen kai-tsaye irin su ƙwallo.

Mataki na huɗu: haɗawa

Wuta tukuna. Ka sa sitabilaiza ko na'urar kariya tsakanin soket da talabijin, musamman idan ana sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta.

Idan manhajojin cikin talabijin za ka yi amfani da su, ka ja wayar intanet daga rauta zuwa bayanta in da hali. In ba hali, ka matso da rautar ɗaki ɗaya da ita, ka zaɓi Wi-Fi mai 5GHz, wanda ya fi gudu amma bango na raunana shi.

Idan dikoda ko wani akwati za ka jona, ramin HDMI ɗin ya zama 2.0 ko sama, mai HDCP 2.2, wato tsarin hana kwafar fina-finai, wayar HDMI ɗin kuma mai ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa. Tsohon HDMI 1.4 yana tsayawa a hoto 30 cikin daƙiƙa idan 4K ne, ƙwallo kuwa tana son 50 ko 60. A wasu talabijin ba kowane rami ne ke da cikakken ƙarfi ba, sai ka duba rubutun da ke gefensa. Daga nan ka shiga saiti ka kunna ramin da hannunka. Samsung na kiran wurin Input Signal Plus, LG na kiransa HDMI Ultra HD Deep Colour, Sony kuma Enhanced format. Mutane da yawa a nan suke makalewa, komai nasu daidai ne amma wannan maɓalli a kashe yake. A cikin dikodar ma ka zaɓi 2160p a matsayin hoton da za ta fitar.

Mataki na biyar: tabbatarwa

Ka buɗe YouTube a talabijin, ka nemo bidiyon 4K, ka shiga zaɓin ingancin hoto ka danna 2160p. A cikin saitin akwai Stats for nerds, wanda zai nuna maka girman hoton da ke isowa a daidai lokacin. Idan ka ga 3840x2160 kuma ya yi minti goma bai sauka ba, aiki ya yi. Idan yana faɗowa 1080, ka kashe sauran na'urorin da ke kan layin ka sake gwadawa. In yanzu ya tsaya daram a kan 2160, intanet ɗin ne bai ishi gidan duka ba. Idan kuma zaɓin 2160p bai fito ba sam a bidiyon da ka tabbatar na 4K ne, ka sabunta manhajar talabijin ɗin ka sake dubawa. In har yanzu babu, ka ɗauki rasit da lambar samfurin ka koma shagon tun kwanakin garanti ba su ƙare ba.