Yadda zaka shiga waƙoƙin The Handsome Family ba tare da ka gudu tun a rana ta farko ba

Yawancin waɗanda na sani da suka san mawaƙan nan na Amurka The Handsome Family ta ƙofa ɗaya suka shigo, wato waƙar nan da ake sakawa a farkon fim mai dogon zango True Detective zango na farko wanda HBO ta fitar a 2014, mai suna Far From Any Road. Mutum zai ji ta ta kama shi, ya je YouTube ya nemo, ya maimaita ta sau goma, daga nan ya danna wata waƙar tasu ya ji wani mutum mai katuwar murya yana ba da labarin gawa a daji cikin sanyin rai kaman yana karanta sanarwar ɗaurin aure, sai kawai ya rufe yace wannan ba nawa bane. Nima haka nayi wlh, sai da na shekara ban koma ba. To abun da zan faɗa maka anan shine ta inda zaka bi, dan su irin mawaƙan nan ne da in ka shigo ta ƙofar da ba ita ba zaka ɗauka ko mahaukata ne ko kuma wasa suke.

Da farko dai ka san su waye. Mutum biyu ne, mata da miji, Brett Sparks da Rennie Sparks. Shi ɗan Texas ne ita kuma 'yar Long Island ce a jihar New York, sun kafa ƙungiyar a Chicago a 1993 tare da wani mai ganga Mike Werner, daga baya ya bar su suka koma amfani da injin ganga, sannan a 2001 suka tattara suka koma Albuquerque a New Mexico cikin hamada, kuma har yau a can suke. Rabon aikinsu shine abu na farko da ya kamata ka riƙe a kanka: Rennie ce ke rubuta baitoci, Brett ne ke ɗora musu kiɗa ya rera yawancinsu. Kenan kusan duk wani mugun labari da kaji yana fitowa daga bakin mijin, matar ce ta rubuta tana zaune a gefe riƙe da banjo ko bas tana murmushi. Da na gano haka sai da na sake jin komai daga farko dan ma'anar ta canza min gaba ɗaya.

Sai maganar sunan da ake kiran kiɗan nasu, kantirin gotik. Kantiri dai mun san shi ai, duk wanda ya taso gidan da akwai rediyo mai kaset ya ji Don Williams ko Jim Reeves ko Dolly Parton, ni babana in ya dawo aiki ranar Juma'a da yamma Don Williams ne har magariba. To ka ɗauki wannan kiɗan mai taushi ɗin, gita a hankali, murya ƙasa-ƙasa, sai ka cire maganar soyayya da kewar gida ka zuba mutuwa da fatalwa da taɓin hankali da dabbobin daji a ciki, shine gotik ɗin. Kuma ba su suka ƙirƙiro ba fa, tsoffin waƙoƙin kisan kai da turawa suka taho da su daga Ingila da Sikotland zuwa duwatsun Appalachia na Amurka haka suke, saurayi ya ja budurwa bakin kogi ya kashe ta kuma a rera da daɗin murya. Su Sparks ɗin sun ɗauko wannan tsohuwar al'adar ne suka shigo da ita zamanin manyan kantuna da filin ajiye motoci. Banjon da Rennie ke kaɗawa ma in ka bi salsalarsa daga Afirka ta Yamma bayi suka tafi da shi, ɗan uwan su gurmi ne na ƙwarya da fata, shi yasa wani lokaci zaka ji sautin kaman ka san shi a wani waje.

Yanzu ga inda zaka fara. Dan Allah kar ka fara da albam ɗinsu na farko Odessa na 1995, nasan akwai masu son bin abu daga tushe amma anan kuskure ne, lokacin basu gama gano kansu ba, gitar da ƙara take kaman ta 'yan punk masu kiɗan hayaniya, kuma a ciki ne akwai Arlene wadda mai kisan ne da kansa yake ba da labari, in da ita ka fara ba lallai ka dawo ba. Ka fara da Through the Trees na 1998. Shi ne na uku, a gidansu suka ɗauke shi ba a wani babban situdiyo ba, da injin ganga mai sauti kaman agogon bango, kuma Jeff Tweedy na ƙungiyar mawaƙa ta Wilco ya sa musu hannu a ciki. Kafin albam ɗin Brett yayi fama da ciwon nan na hawa da saukar yanayin rai har sai da aka kwantar da shi asibiti, ba ɓoyayyen abu bane su da kansu sun sha faɗa, kuma waƙar ƙarshe My Ghost akan zaman asibitin take. In ka san wannan kafin ka danna zaka gane cewa duhun da ke ciki ba na burga bane, abu ne da ya shigo musu har ɗaki.

A cikin albam ɗin ka tsaya sosai akan The Giant of Illinois. Labarin Robert Wadlow ne, mutumin garin Alton na jihar Illinois da yafi kowa tsawo a tarihin da aka auna, mita 2.72, ya rasu a 1940 yana da shekara 22 saboda wani ɗan ƙurji da ƙarfen da ke tallafe ƙafarsa ya ji masa ya ruɓe. Kaga mutum kaman bishiyar rimi amma abun da ya kayar da shi bai kai girman kwabo ba. Rennie bata tsaya tana lissafo maka tarihi ba, nuna shi tayi yana yawo cikin dusar ƙanƙara, kuma Brett ya rera ta a hankali kaman mai lallashin jariri. In wannan waƙar bata taɓa ka ba to gsky ka haƙura da su kawai, babu laifi, ba kowa ke shan kunun tsamiya ba. Amma in ta taɓa ka to ka koma waƙar farko Weightless Again, sai dai in gargaɗe ka, maganar masu kashe kansu take yi ƙarara, in kana cikin wani hali na damuwa a kwanakin nan ka tsallake ta tukun, ba inda zata je.

Yadda ake jin su ma wani abu ne. Wannan ba kiɗan cikin adaidaita bane ko na lokacin da kake wanki, na gwada a mota hanyar Zariya da direba yana ta hira da ƙarar iska, ban tsinci komai ba sai gunjin murya. Ka bari sai dare in gari yayi tsit, in an ɗauke wuta ma yafi, ka sa iyafis kunne biyu, sannan ka buɗe baitocin a waya kana karantawa yana rerawa. Wannan na ƙarshen shine sirrin gaba ɗaya dan rabin daɗin yana cikin kalmomin ne, kuma turancin Brett na 'yan Texas ne mai jan baki, ko kana jin turanci sosai wasu kalmomin zasu wuce ka. Kuma albam ɗaya a sati ya isa, kar ka sauke duka ka sa su a jere, zasu zame maka abu ɗaya mai tsawo ka gaji. In data ce matsala ka sauke sauti kawai, babu wani abun kallo da zaka rasa.

Bayan sati sai ka wuce In the Air na 2000. Nan ne So Much Wine take, wadda inaga ita ce waƙarsu da wasu mawaƙan suka fi ɗauka, mawaƙiya Phoebe Bridgers ma ta sake rera ta a 2022. Kar sunan ya ruɗe ka ka ɗauka yabon giya ne, labarin wanda yake zaune da mashayi ne ranar Kirsimeti an fasa kaya an yi faɗa har ya ɗauki mota ya tafi ya dawo ya tarar da mutum a sheme a ƙasa, duk wanda ya taɓa zama da ɗan uwa mai shaye-shaye ko na kwalba ko na ƙwaya zai gane wannan gajiyar, son mutum kake amma ka san ramin da ke cikinsa ba mai cikuwa bane.

Sai yanzu ne zaka koma Singing Bones na 2003 inda Far From Any Road take, kuma zaka ji ta daban. Lokacin sun riga sun koma hamada, shi yasa kakaki irin na 'yan Meziko da ƙarar nan kaman ta gyare suka shigo, waƙar akan hamada take da wani tsiro mai ƙaya da ke fure da dare, abun dariyar shine fim ɗin da ya sa ta shahara a fadamun Louisiana aka yi shi inda ko'ina ruwa ne, kuma shekara 11 waƙar tayi a ajiye kafin duniya ta waiwaye ta. Amma ni a albam ɗin The Bottomless Hole ce tawa. Wani manomi ne a Ohio da mata da 'ya'ya, akwai rami a bayan rumbunsa da suke zubar da shara da tsoffin ƙarafa shekara da shekaru basu taɓa jin ƙarar faɗuwar komai ba, abun ya dame shi har ya kasa barci, sai ya ɗaure tsohon bahon wanka da igiya ya shiga matarsa tana sassauta masa, da igiyar ta ƙare bai ga ƙasa ba sai ya zaro wuƙa ya yanke ta, kuma yana ba ka labarin ne yana kan faɗawa har yanzu, ko sunansa ya manta. Karon farko dariya nayi sosai, karo na uku kuma sai na kasa dariyar dan na tuno mutane biyu da na sani masu irin wannan taurin kan. In kaji kana dariya a waƙarsu kar ka ji kunya, da gangan ne, barkwancin nasu a bushe yake basa nuna maka inda zaka dara.

Daga nan kuma ka zama ɗan gida, duk inda ka bi daidai ne. Twilight na 2001 akwai Passenger Pigeons, akan wasu tattabarun daji da a da in suka taso suke rufe rana a Amurka amma aka harbe su tas, ta ƙarshensu ta mutu a gidan zu na Cincinnati a 1914. Last Days of Wonder na 2006 akwai waƙa akan masanin lantarkin nan Nikola Tesla a ɗakin otel ɗinsa da tsufa ya kama shi yana ciyar da tattabaru. Honey Moon na 2009 waƙoƙin soyayya ne suka yi na cikar aurensu shekara 20, babu gawa a ciki, kuma ni dai shi ne wanda na fi jimawa ban koma ba, kaman an ba ka miyar kuka ba daddawa, amma matata shi ta fi so dan haka ba zan ja da yawa ba. Wilderness na 2013 kowace waƙa sunan wata halitta ce, ƙuda da kwaɗi da mujiya da gizo-gizo da sauransu, har da littafin rubuce-rubuce da zanen Rennie suka fitar tare da shi. Sai Unseen a 2016 da Hollow a 2023. Odessa da Milk and Scissors na 1996 kuwa ka bar su ƙarshe, lokacin zaka ji su kaman kana kallon hoton abokinka na firamare.

Akwai wata dabara kuma ga wanda muryar Brett ce ta tsaya masa a wuya, dan akwai masu cewa tayi musu nauyi kaman ta mai wa'azin jana'iza. Andrew Bird, mai goge irin na turawa wanda abokinsu ne tun Chicago, ya fitar da albam guda a 2014 mai suna Things Are Really Great Here, Sort Of… wanda duka waƙoƙinsu ne ya sake rerawa da siririyar murya. Ka ji nasa tukun ka saba da labaran sannan ka dawo wajen masu abun, wani ƙanina ta nan ya shigo kuma yanzu ya fi ni haddace su.

In kuma ka gama kaji kana son wanda yafi wannan zafi, to ka nemi 'yan ƙungiyar 16 Horsepower na Denver, su David Eugene Edwards, ka fara da Sackcloth 'n' Ashes na 1996. Amma ka sani su babu wasa a lamarinsu ko kaɗan, Edwards ɗin jikan fasto ne yake rera zunubi da hisabi da iya gaskiyarsa kaman wuta na bin sa, sun watse a 2005 ya ci gaba da wata ƙungiyarsa Wovenhand. Wancan ban ba ka shawarar jin sa da dare in an ɗauke wuta ba, ka bari sai da rana tsaka ƙofa a buɗe.